Ranar da Kuge Ya Faɗi Gaskiya

Ni kwaɗo nake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, kwaɗon kulle ƙofa da sarƙa da sakata, kuma Allah ya jarrabce ni da maƙwabci. Rumfar da ke manne da tawa ta Uwaisu ce, mai gyaran waya. Shi dai bai yarda a kira shi haka ba. Allon da ya kafa ya fi rumfar faɗi, an rangaɗa masa jan fenti: Injiniya Uwaisu, Bangui, Dubai, Paris. Dubai a jikin kwalin waya ya san ta, Paris kuwa ko a mafarki bai kai filin jirgi ba. In ka kawo masa wayar da ba ta ji, sai ka karɓe ta ba ta gani, ya haɗa maka da 'yan noti a leda, ya ce kamfani ne ya zuba su fiye da ƙima.

Amma baki, Allah ya ba shi. Da bakin nan ya shawo kan Sharifa, 'yar Alhaji Abdurra'uf shugaban 'yan kasuwa, yarinya mai hankali da ke aiki a kantin magani. Har yau ban san abin da ta gani ba. Alhaji ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya ce tunda ita ta kawo shi, to. Aka sa rana. Rahamatu, yayar Uwaisu mai sayar da atamfa, ta sayo goro da alawa za ta bi gida-gida ta yi gayya kamar yadda aka saba, sai ya tare ta a gaban rumfata.

"Yaya, a wane zamani kike? Auren Injiniya za a yi wa gayya da goro?"

"Da goro aka yi gayyar auren ubanka, kuma ya ɗauru."

"Wancan zamanin duhu ne. Kada kowa ya ji ranar. Ana gobe Kuge zai buga sau ɗaya, ki ga Kilomita Biyar ta kwararo ƙofar Alhaji har a rasa wurin ajiye takalmi."

Rahamatu ta ce, "Allah ya sa ka samu masu takalmin." Ta kwashe goronta ta tafi.

Kuge manhaja ce ta waya, ta unguwarmu. Yaranmu ne suka gina ta, waɗanda rikici ya watsa Yaounde da Njamena da sauran wurare. Kowa na aikinsa na neman abinci, in ya samu sarari ya duba ta, ba mai biyansu. Gininta a buɗe yake: kowa na iya leƙa cikinta, ya nuna inda ta yi rauni, har ya kawo gyara. Aikinta ɗaya ne, shela. In motocin kaya sun iso daga Kamaru, ko an yi rasuwa, ko an haihu, ko hanya ba lafiya, sai kowace waya ta yi kwang-kwang, saƙo ya fito da sunan Alhaji Abdurra'uf da koren tambari. Daga wayarsa kaɗai shela ke fita, kuma Sharifa ke rubuta masa, don shi Alhaji neman harafi yake yi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shekara da shekaru Kuge bai taɓa ƙarya ba. In ya ce an yi rasuwa ba ka tsayawa tambaya, rufe rumfa kake yi.

Wata safiya rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ciniki kuma ya yi sanyi. Uwaisu na zaune yana wasa da wayarsa, ya shiga Kuge, ya goge sunansa ya rubuta na surukinsa, wai ya ga yadda girma ke fitowa a fuskar waya. Ya ƙara a ƙasa: Uwaisu yaron kirki ne, kasuwar nan ba ta da kamarsa. Ya yi wa kansa murmushi, ya ajiye wayar ya tafi shan shayi. Rezo ya dawo. Kwang-kwang.

Na duba wayata, na ga koren tambari, na goge ido na sake dubawa. Layin 'yan atamfa ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Malam Umaru mai shayi ya girgiza kai ya ce Alhaji ya fara tsufa. A gida kuwa, aka ce Alhaji ya yi wa Sharifa faɗa son ransa, wai ta zubar da kunya tana yabon saurayi da bakin ubanta, ita kuma tana rantsuwa ba ta taɓa wayar ba.

Uwaisu ya dawo a guje, shayi na zuba a hannunsa.

"Kawu Mahaman! Na fasa Kuge! Ni kaɗai, da ƙwaƙwalwar nan! Wata da watanni ina bincike!"

"Ɗazu na gan ka kana hamma."

"Hammar tunani ce."

Sai ga Zayyad, mai sayar da fitilun sola a ƙarshen layi. Yana cikin masu taimaka wa Kuge, shi ke juya rubutunsa zuwa Sango, yaren ƙasar nan. Ya ja Uwaisu bayan rumfa, ni kuwa kwaɗo nake sayarwa amma ban sa wa kunnena ba.

"Ɗan'uwa, wa ka gaya wa yadda ka yi?"

"Tukuna. Taro nake shiryawa."

"Kar ka soma. Akwai adireshin da aka ware don irin wannan, ba mai gani sai masu kula da Kuge. Ka rubuta musu irin wayarka da abin da ka taɓa, ɗaya bayan ɗaya. Su toshe ɓarakar, mutane su yi mizajur, wato kowa ya samu sabon Kuge a wayarsa. Sannan a gaya wa duniya, a sa sunanka a godiya."

"A ina?"

"A ƙasan shafi."

"Da waɗanne irin haruffa?"

"Ƙanana."

"Ƙanana! Ni in gano abin da 'yan Yaounde da digirinsu suka kasa gani, a liƙa ni a ƙasa kamar ranar lalacewar madara a gindin gwangwani?"

Na kasa haƙuri na leƙo. Na ce, "Yaro, ni in na gano kwaɗon da na sayar wa mutum kowane makulli na buɗe shi, zuwa nake in raɗa masa a kunne, in sauya masa wani. Ba na hawa tebur in nuna wa kasuwa."

"Shi ya sa har yau kake sayar da kwaɗo, Kawu."

Na koma wurina na zauna. Wanda ya ji daɗin muryarsa ba ya jin ta kowa.

Ya dai rubuta musu, amma ba a adireshin sirrin ba, a babban shafin da kowa ke kai ƙorafi. Ya ce Kugensu rariya ne, shi Injiniya Uwaisu ya gano, su aiko wakili Bangui ya zo ya gaishe shi. Wata daga cikinsu, Aminatu, ta amsa daga Njamena cikin ladabi. Ta gode masa, ta roƙe shi ya koma adireshin sirrin ya faɗi matakan da ya bi, kuma don Allah kada ya faɗe su a fili, mutane na dogara da Kuge. Ya karanta mana da ƙarfi yana buga ƙirji.

"Kun ji! Jarrabawa za ta yi mini! So suke su sace ilimina su ce su suka gano!"

Da kasuwa ta cika, sai ga shi sanye da farar rigar likita da ya aro ban san daga ina ba. Ya hau benci, ya miƙa wa wani ɗan taksi-moto, mai haya da babur, mai suna Muktar waya ya ɗauke shi bidiyo. Ya yi bayani dalla-dalla da Hausa, ya maimaita da Sango saboda matasa, ya ƙara da Faransanci saboda Paris.

"Ka kashe rezo! Ka sauya suna! Ka rubuta abin da ka ga dama! Ka kunna rezo! Ko akuya za ta iya!"

Muktar ya ce, "Patron, a ɗan maimaita wajen sauya sunan nan."

Ya maimaita, a hankali, har da ɗaga wayar sama don na baya su gani. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi wa mai kawo gyara bayani mai kyau haka ba. Zayyad ya ɗora hannu a ka, ya ruga rumfarsa ya aika wa su Aminatu matakan ta hanyar da ta dace, don su fara aiki. Kafin azahar bidiyon ya zaga duk wayoyin unguwa, musamman na zauna-gari-banzan da ke kwance a kan babura a bakin titi.

Ta farko ta zo da la'asar. Kwang-kwang: motocin Kamaru sun iso. 'Yan pus-pus masu tura kura da 'yan dako suka kwasa a guje, manyan 'yan kasuwa na bin su a baya riƙe da gefen babbar riga. Suka tarar da fili fetal, sai wata akuya kwance a inuwa tana tuƙa.

Washegari aka sake bugawa: suna a gidan Hajiya Tasalla a Yakité, an yanka raguna biyu. Hajiya Tasalla jikokinta ma sun yi aure, mijinta ya daɗe a ƙasa. Amma ga koren tambari, ga raguna biyu, sai mutane suka ce ikon Allah ya fi gaban haka. Mata suka ci ado suka ɗauki kwanuka. Ta fito daga madafa riƙe da muciya ta tarar da tsakar gidanta ya cika.

"Barka, Hajiya! Mace ko namiji?"

"Muciya aka haifa! Matso ki ga jaririyar!"

An ce har bakin titi ta raka su, wasu ba su koma ɗaukar kwanukansu ba har yau.

Ranar da ta biyo baya Malam Umaru bai kafa teburin shayinsa ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a gida. Kwang-kwang: Allah ya yi wa Malam Umaru mai shayi rasuwa, jana'iza bayan azahar. Wasu suka fara shakka, amma wa zai yarda a ce an binne maƙwabcinsa yana zaune yana shakka? Muka rufe rumfuna. Ni har da hawayena, don mutumin kirki ne. Muka shiga zauren gidansa, liman a gaba, muka tarar da mamacin ya tanƙwashe ƙafa yana cin gozo, tuwon rogon nan, da miyar ganyen koko.

Liman ya tsaya cak. "Malam Umaru... ba ka rasu ba?"

"Ban dai samu labari ba, Liman. Yaushe?"

"Ɗazu."

"To, Allah ya ji ƙaina. Ku zauna mana, sai dai gozon ba zai isa ba."

Matarsa Mero, wadda ta taso daga gidan ƙanwarta a Miskine ba ɗankwali tana kururuwa, ta shigo ta gan shi ta zube ƙasa. Da ta farfaɗo ta hau shi da faɗa, don me bai aika mata cewa yana da rai ba.

Na dawo rumfa raina a ɓace, na tarar da Uwaisu yana washe baki a kan wayarsa.

"Kawu, ka ga jama'ar da ta kalli bidiyona? Har daga Douala!"

"Ka ga jama'ar da ta tafi binne mai rai?"

"Shi ake kira tasiri."

Sannan aka yi wadda ba ta da dariya. Kwang-kwang: a rufe shaguna, akwai tashin hankali ta wajen Miskine. Wanda bai zauna a unguwar nan shekarun baya ba, ba zai gane ba. Cikin ƙiftawar ido ƙofofin ƙarfe suka hau ƙara, mata suka zubar da kaya suka nufi makarantu neman 'ya'yansu. Tsohuwa Ummuhani mai ƙwai aka bangaje ta, ta faɗi ta karye a hannu. Ni kaina na shige ƙarƙashin kanta. Ba abin da ya faru a Miskine, mutane na can suna cinikinsu lafiya lau. Ranar na ji haushin yaron nan har cikin ƙashina. Shi kuwa Injiniya, sai da ƙura ta lafa aka zaro shi daga cikin kwalin firji a shagon Ja'afaru, ya fito yana kaɗe riga yana cewa nazarin yanayi yake yi.

Da yamma Alhaji Abdurra'uf ya zo da kansa. Surukin kirki in ya hango uban matarsa durƙusawa yake yi, ya sunkuyar da kai. Uwaisu hannu ya miƙa. Alhaji ya dubi hannun har ya gaji ya koma aljihu.

"Sunana ka ara. Ka tambaye ni?"

"Baba, ai taimako na yi. Da ban nuna ba, da ba a san akwai ɓaraka ba."

"Wa ka nuna wa? Magina ko ɓarayi?"

"Ilimi ba a ɓoye shi, Baba."

Zayyad ya matso ya ce su Aminatu sun ajiye aikinsu sun duƙufa, nan da 'yan kwanaki gyara zai fito, a yi haƙuri.

"Kwanaki!" Uwaisu ya kwashe da dariya. "Ai ginin a buɗe yake. Ni zan kwafo in gyara da hannuna kafin gobe. Baba, kawo wayarka."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Na ba ka 'yata da bakina, kuma ban saba mayar da magana ba. Kada ka koya mini." Sannan, Allah shi ya san dalili, ya miƙa masa wayar.

Haka aka haifi Kuge na Injiniya. Ya kwafo ginin mutane, ya share duk abin da bai gane ba, wato kusan rabinsa, ya manna hotonsa da farar riga a gaba. Ya zuba wa Alhaji, ya zuba wa duk wanda tsautsayi ya ratsa da shi ta gaban rumfar. Gyaran gangar Auzinawa bai nuna kansa ba sai ranar Juma'a. Liman na tsakiyar huɗuba, masallaci ya yi tsit, sai aljihun Alhaji a sahun gaba ya ce kwang-kwang. Ba saƙo, ba komai, kuma bai tsaya ba. Aljihun Ja'afaru ya amsa daga sahu na uku, wani ya karɓa daga wajen taga. Alhaji ya danna, ta ƙi. Ya naɗe ta a hula, ta ƙi. Ƙarshe shugaban 'yan kasuwar Kilomita Biyar guda ya zauna a kan wayarsa, yana kallon liman da fuskar tawali'u, ƙarƙashinsa na kwang-kwang har aka tayar da salla.

Zayyad ne ya bi rumfa-rumfa yana wanke wayoyin mutane. A lokacin gyaran gaskiya ya fito, ya zuba wa kowa sabon Kuge. A ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, aka gode wa Zayyad da ya aiko da matakan a asirce. Uwaisu da ya raina ƙananan haruffa ya wuni yana ihun an yi masa sata.

Kuge dai ya warke, ba mai iya aron sunan Alhaji kuma. Sai dai in ya buga, mutane tsaki suke yi su kife wayar. Motocin Kamaru suka iso da gaske, 'yan pus-pus suka ce sai sun ji ƙarar inji da kunnensu.

Ana saura kaɗan biki Sharifa ta biyo ta rumfar a hanyarta ta zuwa aiki. Ba ta zauna ba.

"Uwaisu, abu biyu nake so. Ka je ka ba Iya Ummuhani haƙuri, ni nake sauya mata ɗauri kullum, ba ta iya ko ɗaga tire. Sannan ka bar Yaya Rahamatu ta raba goronta."

"Haƙuri? Sherí, masoyiyata, su ne za su gode mini. Ba don ni ba, da an gyara Kuge? Ke dai ki rubuta shelar, ki jira ki ga taro."

Ta dube shi irin kallon da ubanta ya yi wa hannunsa, ta wuce.

Ana gobe ɗaurin aure Kuge ya buga, daga wayar Alhaji, da hannun Sharifa, da koren tambari na gaskiya: gobe da hantsi za a ɗaura auren Uwaisu da Sharifa a ƙofar gidan Alhaji Abdurra'uf a Yakité. Ina zaune wajen Malam Umaru. Ya karanta, ya ajiye butar shayi don kada dariya ta sa ya ƙone.

"Wannan ta fi ta mutuwata!"

Ja'afaru ya ce, "Alhaji ya ba wannan 'yarsa, bayan ya zaunar da shi a kan waya a masallaci? Mvene, ƙarya ce! Ai wannan maganar ta daɗe da rushewa."

Na ce musu wallahi gaskiya ce, Rahamatu da bakinta ta gaya mini.

"Har da kai, Mahaman? Da furfurarka?"

Gari ya waye. Alhaji ya kafa rumfuna tun daga ƙofar gida har kwanar titi, aka shimfiɗa tabarmi, aka kayar da sa, tukwanen shinkafa na tururi a bayan gida. Na zo da kyautata a aljihu, kwaɗo mai kyau na ƙofar ɗakin amarya. Waɗanda suka hallara su ne Alhaji, da liman, da kawun Uwaisu, da ni, da Zayyad, da 'yan maƙwabtan da ƙamshin nama ya tabbatar musu. Ba mu cika tabarma biyu ba. Ango ya sha farar shadda tana ƙara, yana leƙa titi.

"Suna hanya. Cunkoso ne. Kun san taro irin wannan."

Rana ta ɗaga. Wata kaza ta ratsa ta kan tabarmi ba wanda ya tare mata hanya. Uwaisu ya tattare riga ya haye bayan babur ɗin Muktar sai kasuwa, ni da Zayyad muka bi shi a wani, don irin wannan ba a bari a ji a bakin wani. Ya hau bencin nan dai da ya hau ranar bidiyo.

"Jama'a! Wallahi yau ne! Wallahi gaskiya ne!"

"Ina kyamarar?" in ji wani.

"Injiniya, shaddar ma ta aro ce kamar rigar likita?"

Hajiya Tasalla, da ta zo cefane, ta ɗago kai daga kan tumatir. "Raguna nawa aka yanka a wannan karon?"

"Sa ne, Hajiya! Sa guda!"

"Ƙaryar ma girma take yi."

Ya diro daga benci ya kama hannun rigar Malam Umaru. "Malam, don girman Allah, ko kai kaɗai ka zo."

"Ni matacce ne, yaro. Ba ma zuwa biki."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Ya bi layin 'yan atamfa yana rantsuwa, ya bi na 'yan waya yana roƙo, duk inda ya ratsa sai a tafa masa a ce wasan ya yi kyau. Muktar ya samu fasinja ya tafi abinsa. Ango ya dawo Yakité a ƙafa, hula a hannu, shaddar ta sha jar ƙasa har gwiwa.

Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji, shari'a shaidu biyu take nema. Ga su. Ana iya ɗaurawa."

Alhaji ya bi tabarmin nan da kallo har kwanar titi. Mutumin da in ya yi tari kasuwa ke cewa sannu, yau ga shi zaune da kaza.

"Liman, ban taɓa ganin shaidu masu yawa irin na yau ba. Kasuwa guda ta yi shaida cewa ba mai hankalin da zai ba wannan 'yarsa. Amma na yi magana, ba zan mayar ba. Mai abin za a tambaya."

Aka kira Sharifa. Ta tsaya a bayan labulen zaure, muna ganin ƙafafunta da lalle.

"Uwata, kin ji yadda ake ciki. Me kika ce?"

Ta ce, "Baba, asirin waya kawai Allah ya nuna masa, ya hau benci da shi. Ranar da ya ga aibina, wane benci zai hau?"

Alhaji ya zaro wayarsa ya miƙa ta gefen labule. Jim kaɗan aljihunanmu suka ce kwang-kwang: an fasa auren Uwaisu da Sharifa. Shinkafa ta nuna, kowa ya zo ya ci.

Wannan karon ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya nemi kyamara. Zayyad ya ce ko a Njamena sun ji ƙarar rufe rumfuna. 'Yan pus-pus suka riga kowa, 'yan atamfa suka biyo, Ja'afaru da yaransa, Mero da mataccen mijinta, Hajiya Tasalla da babban kwano. Iya Ummuhani aka ba ta kujera a inuwa, Sharifa da kanta ta kawo mata nama. Rahamatu ta fito da goronta da alawarta tana rabawa tana share hawaye, don ko ba komai ƙaninta ne. Takalma suka taru tsibi-tsibi har suka toshe titi, na ango suka ɓace a ƙarƙashi.

Na same shi a gefe ba takalmi, yana kallon jama'a na cin sansa. Na zaci yau kam jiki ya yi magayi. Sai ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Kawu Mahaman, ka gani ko? Ai na ce za a rasa wurin ajiye takalmi."

Na sa hannu a aljihu na ciro kwaɗon nan na damƙa masa.

"Na ɗakin amarya ne," na ce. "Ɗakin babu, amma baki na nan."